Kafin in ɗauke numfashin mara lafiya

Aikina sa barci ne a ɗakin tiyata, kuma marasa lafiyar da suka fi sa ni shiri tun daren jiya su ne waɗanda bakinsu ba ya buɗewa, domin sa musu bututun numfashi yana da wuya. A yankinmu akwai su da yawa: mai ƙaton maƙoƙo, mai ƙari a muƙamuƙi, mai kumburin haƙori da ya sauko ƙarƙashin harshe, sai yaran da cutar noma ta ci musu kunci, tabon ya ɗaure haɓa gam. A Sakkwato akwai asibiti guda domin irin yaran nan tun 1999.

Dubawa nake farawa da ita a ɗakin kwanciya. "Baba, buɗe baki, fito da harshe." Gwajin Mallampati na 1985 ya dogara ne kan ganin beli, mu kuwa mutane da dama wanzami ya cire musu shi tun suna jarirai, don haka ba na dogara da shi kaɗai. Ina auna yatsu nawa ke shiga tsakanin haƙora, in ga ko haƙoran ƙasa za su iya wuce na sama, in auna daga haɓa zuwa zakaran wuya. Ƙasa da santimita 6 alama ce ta wahala. Sannan in laluba tantanin da ke ƙasan zakaran wuya, in yi masa alama da biro.

Abin da aikin ya koya mini shi ne kada in ba da skolin ko wani maganin sakin jiki sai na tabbata zan iya hura wa mutum iska. Wanda ke numfashi da kansa yana ba ka lokaci. Wanda ka kashe wa jiki, mintoci kaɗan gare ka, yaro ma bai kai haka ba.

In akwai siririyar kyamara mai lanƙwasa, ita ce gaba. Babba nakan fesa masa lidoken, maganin kashe zafi, a hanci da maƙogwaro, in bi ta hanci idonsa biyu, ina yi masa magana har bututu ya zauna. Yaro ba ya yarda da wannan, sai a sa masa barci a hankali numfashinsa na tafiya. Inda babu kyamara, akwai tsohuwar dabarar likita Magill: ka tura bututu ta hanci, kunnenka a bakinsa, kana bin sautin numfashi. Sauti ya ɗauke, ka faɗa hanyar abinci, ja baya kaɗan ka gyara wuya. Akwai kuma wadda likita Waters ya bayyana a 1963, yana aiki a Najeriya kan masu cutar noma: a soka allura ta tantanin nan, a zura siririyar roba ta fito sama, bututu ya biyo ta. Matasanmu da yawa ba su taɓa ganinta ba, kuma a ganina asara ce.

Wanda bakinsa ke buɗewa amma ba a hango ƙofar maƙogwaro, buji (siririyar sanda mai lanƙwasa da ke yi wa bututu jagora) da gyaran matashi sun fi ƙarfin hannu amfani. Ƙa'idar Birtaniya ta 2015 ta ce gwaji uku, na huɗu sai wanda ya fi ka ƙwarewa, domin kowane gwaji kumburi da jini yake ƙarawa. Daga nan sai robar da ke zama saman maƙogwaro, ko a farkar da shi. In iska ta ƙi shiga ta ko'ina, wuƙa lamba 10, buji da bututu lamba 6 ta gaban wuya. Shi ya sa nake buɗe su a kan tire, likitan tiyata na tsaye da safar hannu, in gaya wa mataimakina da baki abin da za mu yi in shirin farko ya ƙi.

Cire bututun ma ba na gaggawa. Sai mara lafiya ya buɗe ido, ya bi umarni, kayan nan duka suna nan kusa.