Daga Ngaundere zuwa Garwa, ranar da taya ta raba gardama

Ranar Lahadi 12 ga Disamba 2021, ina sallame sallar asuba na saɓa jaka na nufi tasha a Ngaundere, ƙasar Kamaru. Sanyin hunturu a kan wannan tudu ba ya jin rarrashi, har da hular sanyi na shiga mota. Mutanen gida na gaya musu zan je Garwa duba Kawu, wanda ƙafa ta dame shi kwanaki. Ban yi ƙarya ba, amma da wata a ƙasa. Ɗan Kawu ya tabbatar mini cewa gidan kallon da ke gefen rumfar babansa zai nuna tseren motoci na Formula 1 na ƙarshen shekara a Abu Dabi, ƙarfe 2 na rana a agogonmu.

Wanda bai bi tseren wannan shekara ba zai ce wahalar banza na ɗora wa kaina. Lewis Hamilton na Mercedes da Max Verstappen na Red Bull sun zo ranar ƙarshe kunnen doki, kowa da maki 369.5. Rabon da a ga haka tun 1974. Hamilton yana da kambu 7 kamar Michael Schumacher, yana neman na takwas, shi kuwa Verstappen, yaron Holan, bai taɓa ɗauka ba. Ni ɗan Hamilton ne, ban ɓoye ba.

Tsakanin Ngaundere da Garwa kilomita 280 ne ko ƙasa kaɗan. Na yi lissafi na ce azahar a Garwa za ta same ni. Mota ba ta tashi ba sai da ta cika ta batse, buhunan doya da masara a sama, akuya biyu a baya. Muka gangara dutsen nan mai kwana-kwana kafin Mbe, inda direba ke yin shiru, fasinja kuma kowa ya kama salati. Kana sauka ƙasa iska ta canja, sanyi ya tsaya a sama, hazo da zafi suka tarbe mu. Na cire hula na cusa a jaka.

Bayan Mbe da ɗan nisa muka ji fam! Mota ta yi tangal-tangal, direba ya lallaɓa ta gefen titi. Tayar baya ce ta fashe. Muka firfito muka fake a gindin wata bishiya. Yaron mota ya shiga ƙarƙashi da jak, noti ɗaya ya ƙi kwantuwa, sai da ya zura bututun ƙarfe a sifana ya hau kai da ƙafa biyu yana tsalle. Da aka sauko da tayar safiya, ita ma ta sha duniya, ta yi sumul kamar tafin hannu. Wani dattijo mai carbi ya dube ta ya ce, "Direba, wannan da wadda ka cire wace ce babba?" Aka yi dariya, ban da ni. Minti 50 muka kwashe a wurin. A zuciyata ina tuna makanikan Red Bull da suka taɓa canja taya huɗu cikin daƙiƙa 1.82 a Barazil a 2019. Su mutum kusan 20 ne a kan mota ɗaya, kowa da aikinsa, namu yaro ɗaya ne da bututu.

Daga nan direba bai ƙara yarda da gudu ba. Ga shingen jandarma, ga ramuka, ga manyan motocin auduga da ba sa ba da hanya. Muka wuce Gamba, muka wuce Ngong. Lokacin da muka hau gadar Binuwai ƙarfe 3 saura. Ruwa ya ja baya, yashi ya fito, garin kuwa ko'ina fenti ake yi saboda gasar cin kofin Afirka da za a fara a watan Janairu, wadda filin Rumde Ajiya yana cikin masu karɓar baƙi.

Ɗan mashin ya sauke ni a bakin rumfar Kawu. Faci yake yi tun kafin a haife ni. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi ƙafa. Ya ce, "Da sauƙi. Tashi ka shiga, na san ba ƙafata ce ta kawo ka ba." Kunya ta kama ni. Sai ga shi ya dogara sanda ya biyo ni, wai bari ya ga abin da ya raba ɗan ƙanwarsa da barci.

Mu 12 ne a ciki, sauran benci duk wayam, masu ƙwallo suna waje suna jiran a gama musu da "wasan yara". An kusa zagaye na 40 cikin 58. Ɗan Kawu ya ba ni labarin abin da ya wuce ni a gurguje: Hamilton ya ƙwace gaba tun tashin farko, Sergio Perez na Red Bull ya tare masa hanya ya ɓata masa lokaci don abokinsa Verstappen ya matso, amma duk da haka Hamilton ya sake tserewa. Na gyara zama, raina fes.

Kawu bai san sunan kowa ba. Taya kawai yake kallo. Ya tambayi me ya sa wata da farin zobe, wata da ja. Na ce mai fari tauri gare ta, tana jimawa, mai ja kuwa laushi, tana kama kwalta amma ba ta daɗewa. Ya gyaɗa kai.

A zagaye na 53 wani direba, Nicholas Latifi, ya daki bango. Motar kariya, wadda ke shiga gaba ta rage wa kowa gudu idan an yi haɗari, ta fito, tazarar sama da daƙiƙa 10 da Hamilton ya tara ta narke. Verstappen ya shiga ya saka sababbin jajaye, Hamilton ya tsaya a kan farare da ya saka tun zagaye na 14, don in ya shiga zai rasa gaba. Sai alƙalin tsere ya bar motoci biyar da aka yi wa zagaye, waɗanda ke tsakanin Hamilton da Verstappen, su wuce motar kariya, sauran da aka yi wa zagaye aka bar su a inda suke, aka janye motar kariya saura zagaye ɗaya. Kawu ya taɓa ni da sanda ya ce, "Ɗana, naka ya faɗi. Tsohuwar taya ba ta kokawa da sabuwa." Ban amsa ba. A kwana ta biyar Verstappen ya kutsa ta ciki ya wuce.

Verstappen na ɗaya, Hamilton na biyu, Carlos Sainz na Ferrari na uku. Maki ya tashi 395.5 da 387.5. Mercedes ta ɗauki kambun kamfanoni karo na takwas a jere, wanda bai sanyaya mini rai ba ko kaɗan. Har yau ina ganin ba a bi doka yadda take a rubuce ba, kuma bayan wata biyu hukumar FIA mai kula da tseren ta cire alƙalin daga kujerarsa, sakamako dai bai canja ba.

Da muka fito ana kiran la'asar, na duba waya: kilomita 306 suka yi cikin awa ɗaya da rabi. Ni da ban kai haka ba na kwashe kusan awa takwas. Kawu yana alwala ya ɗago ya ce, "Wai waɗancan tayoyin da suke cirewa ko faci ba su taɓa sha ba, ina suke kai su?"