Shekarar 1997 ta cikin samfuri ba ta duniya ba ce

Duk mai aiki da haɗaɗɗen samfurin teku da iska, wato manhajar kwamfuta mai kwaikwayon yanayin duniya irin su UKESM1 ko CESM2, don nazarin ozon na ƙasa-ƙasa, wato iskar ozon da ke sashen sararin da ya fi kusa da ƙasa, akwai kuskure ɗaya da kan cinye masa watanni kafin ya farga. Zai buɗe fayil ya ga an rubuta Oktoban 1997, ya ɗauko awon tauraron ɗan'adam na wannan watan, ya jera su, sai ya ga sun yi hannun riga. A zahiri, a ƙarshen 1997 El Nino mai ƙarfi, wato ɗumamar ruwan tsakiya da gabashin tekun Fasifik, ya janye hadari zuwa tsakiya da gabashin Fasifik, ozon ya ragu a can, ya ƙaru a saman Indunusiya inda fari da gobarar daji suka yi ɓarna. A samfurin kuwa, ƙila ma La Nina, kishiyar El Nino, ake yi a wannan watan.

Dalilin shi ne tekun da ke cikin samfurin gashin kansa yake ci. An ba shi hayaƙin masana'antu da iskar methane da aman duwatsu na kowace shekara, amma ba wanda ya faɗa masa ranar da zai yi El Nino. Abin da ya fi rikitarwa, hayaƙin gobarar 1997 yana nan cikin bayanan da aka loda masa. Wato an zuba hayaƙin shekarar fari cikin damina, hadari ya kwashe shi zuwa inda bai je ba a duniya.

Daga nan ɓarnar ke farawa. Sai a hau taɓa sinadaran da lafiyarsu ƙalau, a rage NOx, iskar naitirojin da iskar oksijin da walƙiya ke haɗawa, mai haifar da ozon, a sake kunna samfurin, a ƙona sa'o'in babbar kwamfuta da aka samu da kyar. Kuma sau da yawa ba laifin ƙaramin ma'aikaci ba ne. Shugaba ne ke son zane biyu su hau kan juna kafin ranar miƙa rahoto, in abin ya watse kuma a ce yaro ne bai iya aiki ba. Wanda ya tsaya kan cewa wannan gwadawar ba ta halatta ba, shi ya yi daidai ko da an kira shi mai taurin kai.

In takamaiman shekara kake so, ka cire tekun, ka sa zafin saman teku da aka auna, ka riƙa jan iska da zafi zuwa bayanan ERA5, kundin yanayin da aka gina daga awon duniya ta zahiri. In haɗaɗɗen kake so, ka gwada matsakaicin shekara goma zuwa ashirin, kuma ka kunna samfurin aƙalla sau uku, kowanne da mafari daban. Don ganin tasirin El Nino, ka lissafa ma'aunin Nino 3.4, wato zafin saman wani yanki na Fasifik, daga tekun samfurin kansa, daga digiri 5 arewa zuwa 5 kudu, 170 zuwa 120 yamma, ka tara watannin da zafi ya haura matsakaici da rabin digiri, sannan ka duba ozon ɗinsu.

Wani wurin kuskuren kuma shi ne yadda teku ke shanye ozon. Tsohon tsarin lissafi na masanin nan Wesely na 1989 lamba ɗaya ya ba dukan ruwa, turjiyar 2000 s/m, wato saurin sauka kusan santimita 0.05 a daƙiƙa, ko a ina. Da wannan akan samu kusan tan miliyan 300 a shekara. Da aka sa ayodin ɗin ruwan teku cikin lissafi, adadin ya sauko wajen tan miliyan 100. Ayodin ya fi yawa a ruwa mai ɗumi, kuma galibi daga zafin teku ake ƙiyasta shi, don haka ɗumin ƙarya da samfura ke yi a gaɓar Angola da Namibiya kai tsaye yake shiga lissafin ozon. Haɗuwar ozon da ayodin tana kuma fitar da iskokin ayodin, HOI da I2, sama, su ƙara cin ozon. Awon tashar tsibiran Kef Bade da aka wallafa a 2008 ya nuna ayodin da buromin na cin ozon a can fiye da yadda samfuran lokacin ke nunawa.

Jimillar ozon na ƙasa-ƙasa tana wajen tan miliyan 340, amma kafin ka faɗi taka ka rubuta inda ka yanka iyakar sama: layin 150 ppb (kashi cikin biliyan) ko ma'aunin zafi na WMO, hukumar yanayi ta duniya. Walƙiya a tsarin lissafi na masana Price da Rind tana bin tsayin gajimare a ƙarfin 4.9 a kan tudu, wato kamar a ninka tsayin da kansa kusan sau biyar, don haka ƙaramin kuskure a hadari yana zama babba a NOx. In za ka mayar da awon ozon daga kg/kg (nauyinsa cikin nauyin iska) zuwa ppb, ka ninka da 28.97 bisa 48 kafin biliyan. UKESM1 kuma kwana 360 ne shekararsa, akwai 30 ga Fabrairu a fayil ɗinsa.