Ruwan da na ba zogalena ne ya kashe su a hunturu

Ranar da na zazzage tukunya ta farko a cikin watan Fabrairu, hancina ne ya fara ba ni labari tun kafin idona ya gani. Saiwar zogale mai lafiya fara ce sol, kumburarriya kamar babban karas, in ka ɗan kankare ta sai wani yaji ya bugi hancinka. Wannan kuwa ta koma ruwan ƙasa, ina matsa ta da yatsa ta fashe, ruwa mai wari ya biyo hannuna. Na zazzage ta biyu, haka. Ta uku ma haka. Cikin bishiyoyi bakwai da na shigar ɗaki a watan Oktoba don gudun tsananin sanyin ƙasar da nake zaune, shida sun tafi. Har yau in na tuna cewa ni ne nake tsayawa a kansu da butar ban ruwa duk ranar Asabar, sai raina ya ɓaci.

Shukar kanta ba ta ba ni wata wahala ba. Na jiƙa iri kwana ɗaya a farkon Afrilu, na binne su a wuri mai ɗumin digiri 25 zuwa 30, kafin kwana goma duk sun leƙo. Irin PKM-1 na samu, wanda aka fitar a Periyakulam ta jihar Tamil Nadu a Indiya a 1989, don yana saurin girma da saurin fure, kuma mai gajeren lokacin zafi irin namu abin da yake nema ke nan. Na fitar da su waje a Yuni, kafin Satumba ta ƙare wasu sun fi ni tsawo a cikin tukunya. Ganye muka tsinka har muka shanya.

A inda nake, sanyi yakan sauka ƙasa da sifili da digiri goma, kuma a Disamba da ƙyar rana take yin awa takwas a sama. Kowa ya san zogale ba ya jure daskarewa, dare ɗaya tak ya isa ya baƙanta ganyen. Saboda haka duk shirina a kan sanyi na yi shi. Da dare ya fara sauka zuwa digiri 10 na kwashe su zuwa wani ɗaki na bayan gida mai taga ɗaya, inda ma'auni yake nuna 12 ko 13, na ce shi ke nan, na tsere wa abokin gaba.

A Nuwamba ganye ya fara rawaya yana zuba. Kullum da safe sai in tarar da ƙasan ɗakin a rufe da 'yan ƙananan ganyaye. Zuciyata ta ce ƙishi ne, na ƙara ruwa. Suka ci gaba da zuba har bishiyoyin suka koma sanduna. Daga baya ɓawon ya fara yamushewa daga sama, na ce lallai ƙishi ne, na sake ƙarawa. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, domin bishiyar da saiwarta ta ruɓe kamannin mai jin ƙishi take yi, tunda ba ta da abin jan ruwan zuwa sama. Kai kuma kana ganin yamushewa sai tausayi ya kama ka, ka ɗauko buta, garin neman gira ka rasa ido.

Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne ta ganye ruwa yake fita daga jikin bishiya. In babu ganye, duk abin da ka zuba a tukunya nan zai zauna. Ƙasa mai sanyi kuma jiƙaƙƙiya ba ta da iska a cikinta, nan ƙwayoyin ruɓa suke samun gida, kuma saiwar zogale mai taushi ce, cike take da ruwan da ta adana. Asalin bishiyar daga gindin duwatsun Himalaya ne a arewacin Indiya, inda lokacin sanyi yake zuwa da bushewa. Zubar da ganye ta zauna shiru a kan ajiyarta tsohuwar ɗabi'arta ce. Ni da na san zogale yana tsallake rani ba tare da kowa ya ba shi ɗigo ba, ban san yadda aka yi na manta da wannan ba da na gan shi a cikin ɗaki.

Akwai wasu abubuwa biyu da suka taya ni ɓarnar. Ƙasar da na saya a buhu irin mai riƙe ruwa ce kamar soso, kuma na sa faranti a ƙarƙashin kowace tukunya don kada in jiƙa daɓe. Daɓen kuwa siminti ne. Bayan komai ya lalace na soka ma'auni a cikin ƙasar wata tukunya, na ga 8, alhali wanda ke rataye a bango yana nuna 13. Ashe duk watannin nan saiwoyin suna zaune cikin ruwan sanyi, ni kuma ina duba bango ina kwantar da hankalina.

Ta bakwai ɗin tana can lungu bayan wasu kwalaye, hannuna ba ya kai mata sai na ture kaya, don haka bai fi sau biyu na ba ta ruwa ba duk hunturun. Busasshiyar sanda ce kawai a tsaye. Na fito da ita zan zubar tare da sauran, sai wani dattijo maƙwabcina da ya daɗe yana aikin lambu ya hango ni ta kan shinge. Ya karɓi tukunyar, ya ɗaga ta ya ji nauyinta, sannan ya sa farce ya ɗan kankare ɓawon kusa da gindi. Sai ga kore shar a ƙarƙashi.

Na ce, "Baba, wannan ai ita ce na yi watsi da ita."

Ya ce, "Shi ya sa take da rai, ɗana. Mayar da ita ciki, kada ka ba ta komai sai ta nema."

Bai taɓa shuka zogale ba, amma yana da furanni masu kumburarriyar saiwa da yake tonewa kowace kaka ya adana su a busasshen rairayi, da ganin saiwar da na zubar ya gane ciwon. Na mayar da ita kusa da taga mai rana. Makonni shida ba ta motsa ba. Sai wata safiya a tsakiyar Afrilu na ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo kore guda uku a jikin sandar, ko ƙwayar shinkafa ba su kai ba. Na durƙusa a gabanta na daɗe ina kallo.

Hunturu na biyu na sauya komai. Tukwanen yumɓu na nema masu zurfin kamar santimita 45, domin saiwar ƙasa take nufa kai tsaye, kuma yumɓu yana numfashi. Rabin ƙasar rairayi ne mai kaushi da 'yan fararen duwatsun nan marasa nauyi da ake haɗawa da ƙasar tukunya. Na daina taki a ƙarshen Agusta, na rage ruwa a Satumba, na tabbatar a bushe suka shiga ɗaki. Kada ka bari ruwan saman kaka ya jiƙa su sharkaf sannan ka kwashe su, don wannan jiƙar za ta iya kai su Disamba. Na datse kowace daidai gwiwa, na ɗora su a kan katako, na jefar da farantan. Ruwa kuwa kofi ɗaya ne duk mako biyar ko shida, a gefen tukunya nesa da gindi, shi ma sai na ɗaga na ji ta yi sakayau. Biyar na shigar, biyar suka fito.

Na gwada barin guda ɗaya a falo mai ɗumi da fitilar tsirrai, don in riƙa samun ganye. Ban ji daɗin abin ba. Tohon ya fito siriri, fari-fari, kuma busasshiyar iskar hita ta jawo 'yan mitsi-mitsin ƙwarin nan masu saƙa yana a ƙarƙashin ganye, sai wanka nake mata duk mako. Wadda na bari a ƙasa a lambu na tula mata ciyawa ba ta ga Maris ba. A wuraren da sanyin bai kai namu ba saman yakan mutu saiwar ta sake toho, amma inda ƙasa kanta take daskarewa babu tulin ciyawar da zai cece ta. Dabarar dattijon ta tone saiwa a binne a busasshen rairayi na gwada da guda uku, biyu sun tashi.

Wurin da har yanzu nake tsoro shi ne Maris da Afrilu. Rana ta dawo, duk sauran tsirrai sun farka, zogale kuwa yana nan kamar gungume, domin ɗumin da ya haura digiri 20 yake jira. A nan hannu yake ƙaiƙayi. Ina matsar da su wurin ɗumi da rana, amma ba na ƙara ruwa sai na ga toho da idona, kuma ko ya fito a hankali nake ƙarawa gwargwadon yawan ganyen. Waje kuma sai dare ya daina sauka ƙasa da digiri 12, a inuwa tukuna na mako guda, don ganyen da ya saba da bayan gilashi rana tana ƙona shi.

Ta lungun nan yanzu gindinta ya kai kaurin hannuna. A shekararta ta uku ta yi fure a Yuli, farare masu ƙamshi, ko da yake sanyi ya riske ta kafin 'ya'yan su ƙosa. Butar ban ruwa na fitar da ita daga ɗakin gaba ɗaya, a jikin kowace tukunya kuma da alli nake rubuta ranar da na ba ta ruwa. A jikin tata an rubuta 9 ga Janairu. Jiya na shiga na ga saman sandar ya ɗan yamushe, gabana ya faɗi kamar wancan karon, sai na kankare ɓawon da farce na ga kore, na ɗaga tukunyar na ji da sauran nauyi, na ajiye ta na ja ƙofa.