Kashi ɗaya cikin ɗari da ya ci mana gidaje

A sashen kuɗi na wata ƙaramar hukuma a arewacin Ingila nake aiki, ina riƙe da lissafin asusun gidajen haya na hukumar. Doka ta killace wannan asusu. Hayar da masu ƙaramin ƙarfi ke biya ita ke gyaran rufi, ita ke biyan bashi da kuɗin ruwansa, ba a ɗebo harajin gari a cike masa giɓi.

Da gwamnatin Theresa May ta cire iyakar cin bashin gina gidaje a Oktoban 2018, ba ƙaramar murna muka yi ba. Tun 1980 da aka bai wa 'yan haya damar sayen gidajen da suke ciki, gidajenmu ke raguwa, layin masu jira na ƙara tsawo. Muka shirya gini a wani tsohon fili, da niyyar karɓo rance daga PWLB, kafar ba da rance ta gwamnatin Birtaniya, wadda ke ba ƙananan hukumomi bashi har na shekara 50 a kan kuɗin ruwa tsayayye. Farashinta na bin na takardun lamunin gwamnati ne, a lokacin ana ɗora kashi 0.8 a kai.

A Satumban 2019 kuɗin ruwan ya yi ƙasa sosai. Ni na ce a dakata sai ɗan kwangila ya kawo farashinsa, don ban ga amfanin biyan ruwa a kan kuɗin da ke kwance ba. Ranar 9 ga Oktoba aka wayi gari an ƙara kashi ɗaya cur. A bashin fam miliyan 10, wannan fam 100,000 ne duk shekara, kuma daga aljihun 'yan haya zai fito. Lissafi ya ƙi, dole muka zabge wasu gidajen daga zane. Har yau abin na damuna, domin kowane gida da aka soke akwai iyalin da ke zaune a masaukin wucin gadi suna jiransa.

An janye ƙarin a kan bashin gidajen haya a watan Maris na 2020, a kan sauran basussuka kuma a Nuwamban shekarar, amma mu an riga an sa hannu a kwangila.

Tun daga nan ba na kai wa kansiloli lissafi guda. Uku nake kaiwa, har da na ranar da ruwa zai hau da kashi biyu, kuma da zarar an amince da aiki nake neman a karɓo wani ɓangare na rancen. A Yunin 2023 an rage abin da ake ɗorawa zuwa kashi 0.4 ga masu gina gidajen haya, sai dai lokacin ruwan takardun lamunin kansa ya riga ya yi sama.