Saƙon Godiya Bayan Zagayowar Ranar Haihuwata da Buɗe Shagon Ɗinkina

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya raya ni cikin ƙoshin lafiya har na cika shekara 26 a duniya, ya kuma ƙaddara wannan rana ta zo daidai da ranar da na buɗe shagon ɗinkina a nan birnin Kano. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa.

Tun daga asubahin ranar har zuwa yanzu da nake wannan rubutu saƙonni ba su daina shigowa ba, ta WhatsApp da Facebook da Instagram, ban da waɗanda suka kira ni a waya da waɗanda suka tako da ƙafarsu har ƙofar shago. Na yi iya ƙoƙarina in amsa wa kowa shi kaɗai, amma abin ya fi ƙarfina, kuma tun da Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, na ga ya dace in zauna in rubuta godiyata a tsanake, in bayyana wa jama'a hannayen da suka ɗaga ni har na kawo wannan matsayi.

Da iyayena zan fara. Umma, a kan kekenki na Butterfly mai fedar ƙafa na fara sanin yadda ake zura zare a allura, tun ina ɗinka wa 'yartsana riga da ƙyallayen da kika zubar, kuma ke ce kika ɗauki kwasar adashinki gaba ɗaya kika miƙa mini domin in sayi babban keke mai aiki da lantarki, alhali kina da buƙatunki da kika jingine saboda ni. Abba, na san burinka shi ne bayan na kammala karatun lissafin kuɗi a Jami'ar Bayero ka gan ni a ofis, kuma burin uba ne mai son ganin 'yarsa cikin rufin asiri. Duk da haka, da na zo maka da maganar shago ba ka yi mini tsawa ba. Sai ka ce in rubuto maka a takarda abin da zan kashe, da abin da nake sa ran samu, da yadda zan biya haya idan kasuwa ta yi sanyi. Da ka karanta ka gamsu, kai da kanka ka je ka ga mai gidan, kuka yi ciniki, ka sa albarka. Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya ba ni ikon kyautata muku.

Sai uwar ɗakina, Hajiya, wadda na zauna a gabanta na koyi wannan sana'a. A wurinki na gane cewa taka keke shi ne mafi sauƙin abin da ke cikin ɗinki, aikin yana ga awo da yanka. Ke kika koya mini in shimfiɗa turmin atamfa in dube shi da kyau kafin in ɗauki alli, in ga inda zanen ya fuskanta, domin kada furen riga ya kalli sama na siket ya kalli ƙasa, in kuma lissafa yadda yadi shidan nan zai isa riga da siket da ɗankwali ba tare da an yi ƙari da wani yadi ba. Ke kika nuna mini yadda ake haɗa zane a kan zane a wurin ɗinki har mai kallo ya kasa gano mahaɗar, da irin shafin da ya dace da leshi mai nauyi da wanda ya dace da mara nauyi, da dalilin da ya sa kowane layin ɗinki yake buƙatar guga kafin a ɗora wani a kansa. Na tuna yadda kike farke mana ɗinkin yini guda saboda kalmasa ta karkace, mu koma gefe muna ƙunƙuni. Yau ga shi mata suna juya rigata ta ciki suna yaba tsabtar aikin, kuma yabon naki ne. Zuwanki buɗe shagon, da almakashin da kika ba ni a gaban mutane, sun fi mini duk wata takardar shaida.

Ina kuma miƙa godiya ga mutanen Abeokuta a jihar Ogun, inda na yi hidimar ƙasa. A can ne, a kasuwar Itoku, na ga yadda matan Yarbawa suka riƙe rinin adire suka mayar da shi abin alfahari, ana ɗinka shi a shiga ofis da shi, a je biki da shi, 'yan mata masu ji da kansu suna sa shi ba tare da ganin kamar kayan tsofaffi ba ne. Wannan ne ya sa da na dawo gida na nufi marinar Ƙofar Mata, wadda allon da ke ƙofarta ya nuna cewa tun shekarar 1498 ake rini a cikinta. An haife ni a garin nan, na sha wucewa ta gaban wurin, amma sai da na je ƙasar Yarbawa na dawo sannan na san darajarsa.

Ga dattawan marina da matasansu ina cewa Allah ya saka da alheri. Sun karɓe ni hannu biyu, suka zaunar da ni suka yi mini bayanin yadda ake haɗa baba da toka da ruwa a cikin rijiyar rini, a bar haɗin ya yi kwanaki yana nuna kafin a fara tsoma yadi, da yadda ake tsomawa a ɗaga domin iska ta bugi yadin ya juya daga kore zuwa shuɗi, gwargwadon yawan tsomawa gwargwadon duhun launi. Sun haɗa ni da matan da suke ƙulla zane a cikin gidajensu da zare kafin a kai rini, da masu bugu waɗanda suke dukan yadi da itace har ya ɗauki sheƙi. Doguwar rigar da na sa a ranar buɗe shagon, wadda da yawa daga cikinku kuka tambaye ni ko daga Dubai aka kawo ta, a Ƙofar Mata aka rina ta, a shagona aka yanka aka ɗinka, wani dattijo mai aikin hannu kuma ya yi mata zane a wuya da allura da zare. Ban taɓa sa tufafin da na ji daɗinsa kamar wannan ba, kuma tambayar da kuka yi ta yi ta ƙara mini ƙarfin gwiwa fiye da yadda kuke zato.

A nan zan ɗan faɗi ra'ayina. Ba na ganin laifin wadda take son abaya ta Dubai ko doguwar riga ta Turkiyya, ni ma ina da su a akwati. Haka nan babu mai musun kyan atamfar Vlisco ta Holan ko shaddar Getzner ta Ostiriya, shi ya sa lefe ba ya cika sai da su. Abin da yake damuna shi ne yadda muka mayar da namu abin kallon baƙi kawai. Iyayenmu sun ga zamanin da masaƙun Kakuri a Kaduna, tun daga wadda aka buɗe a 1957, da na Bompai da Sharaɗa a nan Kano, suke ɗaukar dubban ma'aikata, ana noma auduga a Funtuwa da kewayenta ana saƙa ta a gida. Yau mafi yawan masaƙun nan a rufe suke, kuma yawancin atamfa mai sauƙin kuɗi da muke yankawa daga ƙasar Sin take zuwa. Ba ni da ƙarfin tayar da masaƙa, amma ina da ikon ware sashe a shagona domin rinin gida da saƙin gida, in yi musu ɗinki na zamani wanda budurwa za ta sa ta fita tana taƙama, kuma wannan na ƙudurta yi da yardar Allah.

Godiya ta musamman ga 'yan kasuwar Kantin Kwari, musamman Alhajin da ya yarda ya ba ni kaya bashi tun ba ni da komai sai sunan mahaifina. Kasuwa ce da ake zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru, mai ciniki irin nawa ba a bakin komai yake ba a cikinta, amma bai taɓa sa na ji ƙanƙanta ba. Kowa ya san halin da ake ciki tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi a bayansa. Kuɗin yadi ya tashi, na zare da zif da shafi ya bi shi, man janareta ya zama abin lissafi. A irin wannan lokaci wanda ya ba ka bashi ya yi maka abin da ba kowane ɗan'uwa ne zai yi ba.

Wannan tsada ita ce ta sa godiyata mafi girma, bayan ta iyaye da malamata, take ga matan da suka ɗauko kayansu suka danƙa mini. Macen da ta kawo turmin atamfa mai tsada a yau, sau da yawa tarin watanni ne ta kawo, ko kuma na cikin lefenta ne da take ta ɓoyo, kuma almakashi idan ya shiga ba ya komawa baya. Duk wadda ta ajiye irin wannan a gaban yarinyar da ta buɗe shago jiya, amana ce ta ba ta. Ina godiya ƙwarai ga Hajiya uwar amarya da ta ba ni aikina na farko mai girma, wato ankon ƙawayen amarya na ranar kamu da kayan da amaryar za ta sa ranar yini, duk da cewa akwai manyan teloli a garin nan da suka fi ni suna. Daren da na gama aikin ban iya barci ba saboda murna, kuma da hotunan bikin suka fito na yi ta kallonsu ina bin kowace riga da ido.

Yayana, na gode da faranti da batirin sola da ka kafa mini, yanzu ɗaukewar wuta ba ta tsayar da ni da rana. Ƙawata lauya, na gode da kika tsaya mini har aka yi wa sunan shagon rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, wato CAC. Gwaggo da Inna, waina da zoɓon da kuka aiko ba su kai la'asar ba. Ƙannena da suka yi shara da fenti da ɗaukar hoto, ɗinkinku na Sallah yana wuyana.

Akwai kuma waɗanda suka aiko mini da nasiha cewa bikin zagayowar ranar haihuwa ba al'adarmu ba ce, kuma malamai sun yi magana a kansa. Na karɓi nasiharku da kyakkyawar zuciya, domin na san ƙauna ce ta kawo ta. Ina so ku sani cewa ba a yi kiɗa ba, ba a kama wurin taro ba. Abin da aka yi shi ne karatun Alƙur'ani da addu'a da safe domin neman albarka a sabon wuri, aka raba abinci ga maƙwabta da almajiran unguwa. Kek ɗin da kuka gani a hoto kuwa, ƙawayena na jami'a ne suka shigo da shi ba da sanina ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ci rabona.

A cikin dukkan fatan alherin da aka yi mini, wanda ya fi maimaituwa shi ne Allah ya hana ni halin teloli, wasu da wasa suka faɗa, wasu kuwa daga muryarsu ka san an taɓa sa su zuwa Idi da tsohon kaya. Ban ji haushi ba, domin saɓa alkawari ya zama tambarin da aka buga wa masu sana'armu, kuma a iya abin da na gani kwaɗayin karɓar aikin da ya fi ƙarfin hannu ne yake jawo shi, fiye da matsalar wuta da muke fakewa da ita. Saboda haka ina sanar da ku tun yanzu cewa kowane aiki da ya shigo shagona za a rubuta shi a littafi, da awo da kuɗi da ranar karɓa, a ba mai kaya takardarta. Ɗinkin Ƙaramar Sallah kuma zan rufe karɓarsa da zarar azumi ya kai goma, ko da 'yar'uwata ce ta jini ta kawo bayan nan. Ina roƙon kada wadda ta zo a makare ta ga kamar wulaƙanci ne, gara ta ji haushina a farkon azumi da ta yi kuka a jajiberin Sallah.

Ina kuma godiya ga iyayen 'yan mata biyu na unguwarmu da suka amince suka ba ni su a matsayin masu koyo. Mun yi yarjejeniya da su cewa zuwa shago ba zai taɓa lokacin makarantar boko ko Islamiyya ba, kuma ranar da aka kawo mini ƙarar fashin makaranta, ranar keke zai huta.

Duk wanda bai ga an ambace shi a nan ba, don Allah ya yi mini afuwa, yawanku ne ya fi ƙarfin rubutun. Waɗanda suka zo daga Zariya da Katsina da Kaduna, Allah ya saka muku, na ji daɗin labarin isarku gida lafiya. Masu neman aiki da masu shirin kama sana'a daga cikin ƙawayena, Allah ya buɗa muku ƙofofin alheri, ya nuna mana ranar da za mu zo taya ku murna. Ina roƙon ku ci gaba da sa ni a addu'a, Allah ya sa albarka a shekarun da suka rage mini, ya tsare ni daga haram, ya ba ni ikon riƙe amanar jama'a. Shago yana buɗe daga Asabar zuwa Alhamis, daga ƙarfe 9 na safe zuwa kiran sallar magariba, ranar Juma'a kuma muna hutawa.

Allah ya bar zumunci. Wassalamu alaikum.