Me ya sa jam'iyyar shugaban Amurka ke shan kaye a zaɓen rabin wa'adi?

Shekara biyu da zaɓen shugaban Amurka, a watan Nuwamba, ake komawa rumfunan zaɓe. Sunan shugaban ba ya kan takardar ƙuri'a, amma shi ake auna wa. Kujerun Majalisar Wakilai 435 gaba ɗaya ake sake zaɓa, sai kusan kashi ɗaya cikin uku na kujeru 100 na Majalisar Dattawa, ga kuma gwamnoni 36.

Kusan kullum jam'iyya mai mulki ce ke kwana ciki. A 1994 'yan Democrat na Bill Clinton sun rasa kujeru 54 a Majalisar Wakilai. A 2010 Obama ya rasa 63. A 2018 'yan Republican na Trump sun rasa 40. Tun daga 1934 sau uku kacal jam'iyyar shugaba ta ƙara kujeru a wannan majalisa: Roosevelt a 1934, Clinton a 1998, sai George W. Bush a 2002, lokacin ana cikin jimamin harin 11 ga Satumba.

Babban dalili shi ne wa ya fito, wa ya zauna gida. A zaɓen shugaban ƙasa kusan kashi 60 cikin ɗari na masu ikon zaɓe ke fitowa, a na rabin wa'adi kuwa galibi bai wuce 40 da 'yan kai ba. Wanda gwaninsa ke kan mulki ba ya jin zafi, mai fushi shi ke sammakon layi. Ga kuma 'yan majalisar da suka ci albarkacin farin jinin shugaba a mazaɓun da ba nasu ba ne tun asali. Ranar da babu shi a takarda, su ne farkon faɗuwa. In aka haɗa da tsadar rayuwa, abin ya zama gaba kura baya sayaki.

Sai dai yawan kujerun da aka rasa ba shi ne ma'auni ba. Lambar da za a duba ita ce 218, wato mafi ƙarancin kujerun da ke ba jam'iyya rinjaye a Majalisar Wakilai. A 2022 kujeru tara kawai jam'iyyar Biden ta rasa, har aka yi ta yaba mata, amma taran nan sun isa su miƙa wa 'yan Republican kujerar kakaki. Duk wanda ya kai 218 shi ke naɗa shugabannin kwamitoci, shi ke da ikon aika sammaci ga ministoci, shi ke yanke kudirin da zai zo zaure da wanda zai ruɓe a aljihun tebur. Kasafin kuɗi ma sai ya bi ta hannunsa. Rikicin Clinton da kakaki Newt Gingrich ne ya rufe ofisoshin gwamnati kwana 21 daga Disamban 1995. Majalisar da aka zaɓa a 2018 ce ta kaɗa ƙuri'ar tsige Trump a Disamban 2019.

Majalisar Dattawa kuwa nata makamin daban ne: tabbatar da alƙalai da ministoci. Bayan 'yan Democrat sun rasa ta a 2014, Obama ya gabatar da Merrick Garland don Kotun Ƙoli a 2016, Mitch McConnell, jagoran 'yan Republican masu rinjaye a majalisar a lokacin, ya ƙi ko sauraronsa.

Akwai ɓarnar da ba a cika lura da ita ba. Kayen 2010 ya zo daidai da shekarar ƙidayar jama'a, majalisun jihohin da 'yan Republican suka kwashe su suka shata iyakokin mazaɓu na shekara goma masu zuwa.

Shugaban da ya rasa majalisa bai zama fanko ba. Yana iya hawa kujerar na ƙi, kuma sai da kashi biyu cikin uku na majalisun biyu ake ture ta. Kuskuren da masu sharhi ke yawan yi shi ne ɗaukar wannan kaye a matsayin hasashen zaɓe na gaba. Reagan ya rasa kujeru 26 a 1982, ya dawo ya lashe jihohi 49 a 1984. Clinton ya yi tazarce a 1996, Obama ma a 2012.