Zaɓen faifan ajiya ga kwamfutar da na haɗa a Sakkwato

Sana'ata ɗaukar bidiyo da tace shi, kuma mafi yawan aikin da nake samu a Sakkwato tafsirin watan Ramadan ne da walimar saukar Alƙur'ani da bukukuwan aure. Da aikin ya fi ƙarfin kwamfutar tafi-da-gidanka da nake amfani da ita, sai na ƙudura haɗa ta tebur da hannuna, in sayi kowane kaya daban gwargwadon buƙatata. Furosesa da RAM da babban allo, wato motherboard da ake haɗa sauran kayan a jikinsa, ba su ɗauke mini lokaci ba, domin abin da ke aljihu ne ya yanke hukunci a kansu. A kan faifan ajiya na daɗe ina nazari, saboda duk sauran kayan idan sun ƙone kuɗi ne ke mayar da su, shi kuwa idan ya mutu yana tafiya da karatun da malami ya yi sau ɗaya da ɗaurin auren da ba za a sake ba.

Na fara da lissafin girman abin da zan ajiye. Kyamarata tana ɗaukar megabit 50 a daƙiƙa, wato kusan gigabait 22 da rabi a sa'a guda. Tafsirin sa'a biyu kullum har ƙarshen wata yana cin kimanin gigabait 1,350, kuma idan aka sa kyamara biyu, ɗaya a kan malami ɗaya a kan alaramma mai jan baƙi, abin ya doshi terabait 3 tun ba a fara tacewa ba. Wannan lissafin ne ya nuna mini cewa SSD, faifan da ke ajiya a ƙwayoyin lantarki ba tare da juyawa ba, shi kaɗai ba zai ishe ni ba a kuɗin da nake da shi, haka kuma faifai mai juyawa, wanda masu shago ke kira HDD, ba zai ba ni saurin da tacewa ke buƙata ba. Mai juyawa na zamani yana karanta megabait 150 zuwa 250 a daƙiƙa (megabait ɗaya megabit takwas ne) idan fayil ɗin babba ne, SSD mai amfani da wayar SATA yana tsayawa a wajen 550, shi kuwa SSD nau'in NVMe da ake sokawa kai tsaye a jikin allo yana kai wajen 3,500 a kan PCIe 3.0, hanyar da yake bi ya haɗu da allon. Saboda haka na raba aikin gida biyu: NVMe mai terabait 1 ya ɗauki Windows da manhajar tacewa da aikin da ke hannu, mai juyawa na terabait 4 kuma ya zama wurin adana abin da aka gama.

Kafin in sayi NVMe na buɗe littafin da ke zuwa da babban allon na karanta shi a tsanake. A ciki na ga cewa ramin M.2 ɗin nawa, inda ake soka NVMe, PCIe 3.0 ne, don haka babu amfanin ƙara kuɗi a kan na 4.0 wanda ake tallar yana kai 7,000, tunda allon zai mayar da shi saurin da yake iyawa. Na kuma ga cewa a wasu alluna, da zarar an soka wani abu a ramin M.2, ɗaya daga cikin kafofin SATA yana daina aiki, kuma mutane da yawa kan ɗauka faifansu ne ya lalace alhali kafar ce aka rufe.

Wurin da na fi daɗewa shi ne bambancin CMR da SMR, abin da ba kasafai ake rubuta shi a jikin kwali ba, kuma da wuya mai shago ya tayar da maganarsa. A faifan CMR kowane layin rubutu yana zaune shi kaɗai. A na SMR kuwa ana ɗora gefen layi a kan gefen na kusa da shi, kamar yadda kafinta ke jera kwanon rufi, domin a samu wuri mai yawa a farashi mai sauƙi. Karatu ba ya samun matsala, amma idan za a sake rubutu a wani layi dole a sake rubuta maƙwabtansa, shi ya sa irin wannan faifan yakan fara kwafi da gudu, sannan ya yi sanyi ƙwarai bayan an zuba masa fayiloli masu yawa a jere. Ga mai ajiye takardun ofis da hotunan iyali wannan ba abin damuwa ba ne, amma ga wanda zai juye gigabait 45 kowane dare bayan an tashi daga tafsiri, ga kuma fargabar a ɗauke wuta yana tsakiyar kwafi, babban al'amari ne. A shekarar 2020 aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan wannan batu har masana'antun suka fito suka bayyana waɗanne faifansu ne SMR. Kamfanoni uku ne suka rage a duniya masu ƙera faifai mai juyawa, Seagate da Western Digital da Toshiba, kuma kowannensu yana da takardar bayani a intanet, don haka hanyar tabbatarwa ita ce a kwafi lambar samfurin da ke jikin faifan a nemo ta a can. Na zaɓi CMR mai juyi 7,200 a minti, duk da ya fi mai 5,400 ƙara da ɗumi.

Sayen kansa wani darasi ne. Kayan kwamfuta da ake sayarwa a nan yawanci daga Legas ko Kano suke zuwa, kuma sababbi da na hannu sukan gauraya tun a can. A wani shago an miƙo mini faifai a cikin leda mai ƙyalli, fes da shi, mai shagon ya ce: "Malam, wanga sabo na, ko buɗe shi ba a yi ba." Na ce: "Alhaji, ban musa ba, amma ka yi mini izini in gwada shi a gabanka, in ya fito lafiya in biya nan take." Ya amince, na haɗa faifan da kwamfutata ta hannu na buɗe CrystalDiskInfo, manhajar kyauta da ke karanta bayanan SMART, wato rahoton da faifai ke ajiyewa game da lafiyarsa. Layin sa'o'in aiki ya nuna adadin da ya haura na shekara biyu ba dare ba rana, idan aka tuna cewa shekara guda sa'a 8,760 ce, sannan layin gurabun da suka lalace aka sauya su ya riga ya bar sifili, launinsa ya koma rawaya. Alhajin ya sa tabarau ya duƙa ya duba da kansa, ya ce shi ma a matsayin sabo aka aiko masa, kuma na gaskata shi. Ya kawo wani wanda ya nuna sifili a layukan biyu, amma da yake ana iya goge bayanan SMART, sai na ƙara da shigar da lambar siriyal ta faifan a shafin garanti na kamfanin, na ga wa'adinsa bai ƙare ba, sannan na biya.

Bayan saye sai batun inda faifan zai zauna, kuma a nan ne yanayin garinmu ya shigo. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, cikin akwatin kwamfuta kuwa ya fi ɗaki zafi, alhali yawancin faifai masu juyawa iyakarsu digiri 60 ce a takarda, kuma ba a son su riƙa zama kusa da iyakar. Na ɗaure nawa da sukurori huɗu a gurbin da ke bayan fankar gaba domin iska ta riƙa bi ta kansa, na kuma sa wa NVMe ɗin ƙarfen rage zafi, domin idan ya ɗau zafi da yawa yakan rage saurinsa da kansa. Ƙurar hunturu ba ta cika shiga cikin faifai ba, amma tana toshe raga da fanka har iskar ta daina wucewa, saboda haka na ɗauke akwatin daga ƙasa na ɗora a kan tebur, ina kuma hure shi da bulowa lokaci-lokaci. Abin da na ɗauka wajibi shi ne UPS, na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci idan an ɗauke wuta, domin yankewar wuta a tsakiyar rubutu tana lalata fayil, wani lokaci ma har tsarin faifan gaba ɗaya, kuma mintunan da UPS ke bayarwa sun isa a adana aiki a kashe kwamfuta yadda ya dace.

Da na kunna, Windows ya nuna terabait 3.63 a maimakon 4, kuma wannan ba ƙwange ba ne: kamfani yana ƙirga dubu-dubu, Windows kuma yana ƙirga 1,024. Na tsara faifan da GPT, sabon tsarin rarraba wurin ajiya a faifai, tunda tsohon tsarin MBR ba ya ganin abin da ya wuce terabait 2.

Kuɗin da ya rage na sa shi a faifai na uku, na waje mai wayar USB, shi ma mai juyawa. Na guji SSD a wannan gurbin saboda ƙwayoyinsa caji suke riƙewa, kuma cajin yana zurarewa a hankali idan an daɗe ba a ba shi wuta ba, musamman a wuri mai zafi. Duk aikin da na gama ina kwafe shi a kan wannan faifan kafin in goge katin kyamara, sannan in kai shi gidan yayana a Mabera, domin gobara ko ɓarawo ko tsawa kada su haɗa da kwafi biyun a ɗaki ɗaya. Idan na ɗauko shi don ƙara sabon aiki nakan buɗe wasu tsofaffin bidiyoyin in kalli farkonsu da tsakiyarsu, in kuma sake duba layukan SMART ɗinsa kafin in mayar.